Abin da Na Ɓoye wa Yero

Da bazarar bana Yero ya cika shekara hamsin a ƙasa. Na ƙirga da kaina, na sake ƙirgawa, don babu wanda zan tambaya. Matata Ige, wadda muka yi jinyarsa tare, ta riga ni tafiya. Limamin da ya sallace shi da mutanen da suka haƙa kabarinsa duk sun bi. A garin Kebbe yau, in aka cire ni, ban san wani mai rai da zai ce ya taɓa ganin fuskarsa ba.

Abin da ya tayar mini da zancen shi ne jikata, wadda ke aikin jinya a birni. Ta zo gaishe ni kwanakin baya, muna hira take ce mini yanzu akwai fanni guda da ake koyarwa na kula da majinyacin da ba a sa ran warkewarsa: yadda za a rage masa zafi, yadda za a yi masa magana, yadda za a riƙe iyalinsa. Sai ta tambaye ni, mu a zamaninmu me muke yi wa irin waɗannan? Na ce mata asfirin da haƙuri. Ta yi dariya, ni ma na yi. Bayan ta tafi na ga ban ba ta amsa ba. Ga amsar nan, ko da ta makara.

Yero Bafulatani ne makiyayi. Ni kuwa ɗan manomi ne daga Fakku. Kowace kaka, da an kwashe gero, iyayensa sukan sauka da shanunsu a gonar mahaifina, shanu su ci kara su bar mana taki. A nan muka san juna tun ba mu san kanmu ba. Shi ya koya mini tatsa, ni na koya masa hawan kuka. Sunana Garba, amma tun daga ƙuruciya har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da shi ba. Kaɗo yake ce mini, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ni kuma in rama da abin da ya zo bakina. Aka sa ni makaranta, shi ya bi shanu, amma zumunta a ƙafa take: duk shekara sai ya nemo ni.

Shekarar da aka samu ’yancin kai ina sabon malamin asibiti, an gama koya mini aiki an turo ni ɗakin shan magani na En’e, wato hukumar gargajiya, a Kebbe. Ɗaki ɗaya ne da baranda, da kabad na magani, da tukunyar dafa allura. Mutane suna kirana likita, ni kuwa ba na hana su. Ƙasa ta zama tamu, ni ina da farar riga da keke, ina jin babu ciwon da zai gagare mu in an ba mu lokaci.

Da kakar wannan shekara Yero ya zo gaishe ni kamar kullum. Tun daga nesa na ga rigarsa ta yi masa yawa. Idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya ɗan tasa alhali wuyansa ya zama kamar kara. Ya ce shawara ce, ya sha saƙe-saƙi. Na kwantar da shi a benci na taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, sai hannuna ya ci karo da wani abu mai tauri, mai ƙulli-ƙulli, kamar an cusa dutse. Na nemi izini, na ɗauke shi muka je Tambuwal, daga can muka hau babbar mota zuwa Sakkwato.

Kwana shida ya yi a asibiti. Aka zuƙe masa ruwan da ya taru a ciki, ya ji sauƙi har yana zolayata. Ranar sallama likita ya ja ni gefe ya yi mini magana da Turanci. Ya ce ciwon daji ne na hanta, ya riga ya yi nisa, ba aikin wuƙa ba ne kuma ba na allura ba. Ya ce watanni ne, ba za su yi yawa ba, a kai shi gida ya huta cikin danginsa. Ya rubuta haka a takarda ya ba ni. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya yi nasa, ya bar mini nawa.

Muka dawo muka tarar tabkuna sun fara ƙafewa, lokacin tafiyar shanu kudu ya yi. Yayan Yero, Dikko, shi ne babban rugar. Ya same ni a ƙofar gidana bayan la’asar, ya tsuguna, ya jingina sandarsa a kafaɗa. Yero na zaune a tabarma kusa da mu, matarsa Hajo na can gefe da tsohon ciki.

Dikko ya ce, “Garba, mu ba mu san takarda ba, kai ka san ta. In ciwon ga na warkewa ne, mu bar maka shi ka yi mai magani, mu tafi da bisashe, in ruwa ya sauka mu iske shi. In ko ba na warkewa ba ne, Hajo ta zamna da shi, ni ma in ga yadda zan yi.”

Takardar tana aljihuna. Na ce, “Yaya, Allah ne mai warkarwa. Magani yana nan, za mu ci gaba da shi.”

Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikin abin da na faɗa, kuma duka ƙarya ce. Dikko ya ce alhamdu lillahi. Hajo ta so ta tsaya duk da haka, Yero da kansa ya hana ta. Ya ce haihuwa cikin dangi ta fi, shi kuma ga shi hannun Kaɗo. Bayan kwana uku suka tashi. Suka bar masa saniya ɗaya ja da ɗan maraƙinta, don kada ya rasa nono.

Na sha tambayar kaina me ya sa na yi haka. A wurin koyon aiki an gargaɗe mu kada mu karya wa majinyaci zuciya. A gida kuma an raine mu a kan cewa faɗin ajalin mutum shiga hurumin Ubangiji ne. Duka biyun gaskiya ne, na kuma fake da su shekaru masu yawa. Amma yanzu da tsufa ya cire mini kunyar kaina, na san tsoro ne kawai. Ban iya duban idon abokina in faɗa ba. Akwai kuma ɗan girman kai na mai farar riga, wanda bai so a ji cewa abin da ke kabad ɗinsa ya ƙare kafin a fara.

Muka gyara masa ɗakin da ke bayan gidana. Wata na farko yana fita da kansa, ya tatsi saniyarsa, ya raka ta bakin fadama. Daga nan ciwon ya fara nuna ko shi wane ne.

Wahalar farko da na ci karo da ita ba a taɓa ambata ta a aji ba: yaya za ka auna zafin mutumin da tarbiyyarsa ta hana shi cewa yana jin zafi? Bafulatani ne, an hore shi tun yana ƙarami cewa raki abin kunya ne. In na tambaye shi jiki, sai ya ce da sauƙi. Kullum da sauƙi. Sai da na koyi karanta shi kamar yadda shi yake karanta dabba: gumin da ke tsattsafo masa a goshi da sanyin safiya, yadda yatsun ƙafarsa ke lanƙwashewa, yadda yake damƙe sandarsa har jijiyoyin hannunsa su fito. Jikata ta ce yanzu sukan ce wa majinyaci ya zaɓi lamba daga ɗaya zuwa goma, gwargwadon zafin da yake ji. Na yi murmushi. Da Yero aka tambaya, ɗaya zai ce, ko da wuta ake hura masa a ciki.

Abin da nake da shi asfirin ne. Ina ba shi, yana sha don kada ya kunyata ni, har ranar da ya yi amai na ga jini a ciki, na gane maganina yana ƙara masa wani ciwon ne. Na tsayar. Kwana huɗu ba ni da abin da zan ba shi. Da na ji likita mai zagaye zai sauka Tambuwal, na hau keke tun da asuba na je na same shi. Na roƙe shi mofin, allurar nan mai kashe zafi mai tsanani. Ya ce doka ba ta yarda a ba mai matsayina ba, a kulle ake ajiye ta a babban asibiti, likita ke sa hannu a kan kowace ɗaya. Ba rowa ya yi mini ba, haka tsarin yake. Ya ba ni kwalba guda ta wani ruwan magani mai kodin, ya ce in yi tattalinta.

Kwalbar nan ta ba Yero barcin da ya daɗe bai yi ba, ta kuma zo da nata. Cikinsa ya ɗaure, bayan gida ya gagara kwana da kwanaki, a kan cikin da dama ya kumbura. Ige ta riƙa jiƙa masa tsamiya. Sannan maganin yana sa shi gyangyaɗi, ya wuni bai san inda yake ba. Wata rana na kawo masa cokalin azahar, ya kau da kai.

Ya ce, “Wanga na rana ka bar shi. In na sha, ba ni ganin dawowar saniyata.”

Na ce zafin zai taso masa.

Ya ce, “Shi taso. Na san shi, ya san ni.”

A ranar na fara fahimtar cewa ba ni ne zan zaɓar masa tsakanin zafi da hankalinsa ba. Daga nan sai ya riƙa shan na safe da na kwanciya, ya bar yammacinsa a buɗe, da zafin da komai, don ya ga jar saniya ta shigo tana kiran ɗanta.

Sai maganar abinci. Ige mace ce da ba ta iya ganin baƙo da yunwa ba. Ta yi tuwo mai laushi, ta yi kunu, ta yi fate, duk ya ɗanɗana ya ajiye. Maƙwabta suka fara cewa malamin asibiti ya bar Bafulatani yana ramewa a gidansa. Maganar ta yi mata ciwo, ta riƙa zama a kansa tana roƙonsa ya ƙara ko cokali ɗaya, shi kuma saboda kunyarta ya haɗiye, bayan ta fita ya amayar. Mun daɗe muna azabtar da shi da ƙauna kafin mu gane jikin ne ya daina karɓa. Ba rashin ci ke kashe shi ba, tafiyar ce ta hana shi ci. Ranar da na iya fahimtar da Ige haka, ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta koma ba shi nono kurɓi ɗaya, kurɓi biyu, in ya so.

Da farko masu dubiya suna zuwa, kowa da maganinsa. Wani ya kawo sassaƙe, wani rubutu, wanzami ya zo da ƙahonsa yana so ya tsaga cikin ya fitar da ruwan. Na bar rubutun, don Yero yana samun natsuwa da shi, na sallami wanzamin, wanda bai ƙara gaishe ni ba har shekara ta zagayo. Amma ciwon da ya daɗe yana gajiyar da masu gaisuwa. Shi ba ɗan gari ba, ba dangi, ba suruki. Ƙafa ta ɗauke. Ni ina ɗakin magani daga safe har azahar, Ige na fama da gida. Mutumin da ya tashi cikin kukan shanu da hayaniyar ruga, wanda bai saba kwana ƙarƙashin rufin ƙasa ba, sai ga shi shi kaɗai yana kallon azara. Ya roƙe ni in fitar da shi. Akwai gawo a bayan gidan, itacen da ke ganye da rani lokacin da sauran suka zubar. Kowace safiya muka riƙa ɗaukarsa a tabarma mu kai shi ƙarƙashinsa. Ƙashin bayansa ya fara cin fata, gyambon kwanciya ya buɗe a kwankwasonsa. Ina wankewa, ina juya shi, Ige na shafa masa man kaɗe a inda bai fashe ba. Bai taɓa bari ta ga gyambon ba.

A ƙarƙashin gawon nan ne, wata la’asar cikin tsananin zafin bazara, ya tambaye ni.

“Kaɗo, takardar nan ta Sakkwato, mi ta ce?”

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa masa duka, yadda likita ya faɗa mini. Ya saurara yana kallon ganye.

Ya ce, “Na sani. Tun sanyi bai wuce ba na sani. Wanda ya yi kiwo ya san saniyar da ba ta ganin damina.” Sannan ya ce, “Amma ranar da Dikko ya tambaye ka, ban sani ba.”

Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, a ranar ko bayanta. Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Abin da ya ce kawai shi ne a aika wa Hajo. Ranar kasuwar Tambuwal na je na bi fataken shanu ɗaya bayan ɗaya, duk mai zuwa wajen Yawuri na ba shi saƙo: in ka ga rugar Dikko, ka ce Hajo ta zo. Amma ruga ba gari ba ce. Yau tana nan, jibi ta tashi.

Satinsa na ƙarshe hankalinsa ya fara gushewa, kamar yadda ciwon hanta ke yi. Hausa ta zube daga bakinsa gaba ɗaya, ya koma Fulatanci zalla, ni kuwa abin da na sani a ciki bai wuce gaisuwa da zagin wasa ba. Yana magana, yana maimaitawa, yana dubana yana jiran amsa, ni ban san me yake tambaya ba. A duk jinyar babu abin da ya fi wannan yi mini nauyi. Ige ce ta yi dabara. Ta je kasuwa ta samo wata tsohuwa mai tallan nono, wadda ba ta san shi ba ko a mafarki, ta roƙe ta. Tsohuwar ta ajiye ƙwaryarta ta zauna a gefen tabarmarsa. Ya yi tambayarsa, ta ba shi amsa, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Na ce mata me yake cewa? Ta ce tambaya yake ko shanu sun isa ruwa. Na ce me ta ce masa? Ta ce, “Na ce sun isa, sun sha.”

Kwana uku tana zuwa. A na ukun, da hantsi, ina ɗakin magani ina ɗaure wa wani manomi ƙafa, Ige ta aiko in zo. Kafin in iso ya cika. Tsohuwar ce ta yi masa kalmar shahada, ita ta shafe idanunsa. Ko sunanta ban tambaya ba. Da aka tsaya sallarsa, sahu ɗaya bai cika ba.

Ruwan farko ya sauka bayan sati uku. Su Dikko suka dawo, saƙona bai taɓa isa gare su ba. Hajo na goye da ’ya mace. Na faɗa wa Dikko rasuwar, na kuma faɗa masa sauran, don na gaji da ɗaukarsa. Ya ce Allah ya riga ya rubuta. Hajo, wadda a al’adarsu ko sunan mijinta ba ta kamawa, ba ta kuma taɓa yi mini doguwar magana ba, ta ɗago ta dube ni.

“Ran nan da munka tambaye ka, ka sani?”

Na ce na sani.

Ta gyara goyonta, ta je ta kwance saniyar da maraƙin. Ba su ƙara sauka a gonarmu ta Fakku ba.

Ina yawan tunanin me Yero zai ce da ya ga yau. Zai yi mamakin waya a hannun makiyayi, abin da cikin minti ɗaya zai kawo masa muryar Hajo daga bakin kogin Kwara. Zai ga kwalta, da babura, da motocin da ke kai mutum Sakkwato ya dawo a wuni ɗaya. Amma da zai leƙa ɗakunan bayan gida a ƙauyukanmu, ina jin zai gane wurin. Har yanzu ana sallamo mutum daga birni a ce a je gida a ci gaba da addu’a, ba tare da an gaya wa kowa yadda za a yi da zafin ba. Jikata ta ce maganin mai ƙarfi yana nan, amma a birni yake, kuma ma’aikata da yawa suna tsoron bayar da shi. Har yanzu dangi kan tare likita a baranda su ce kada a gaya masa. Ba na zarginsu. Wanda ya taɓa tsayawa a inda suke tsaye ba ya saurin zargi.

Na yi shekara talatin da wani abu ina aiki bayan Yero, a Kebbe da Tambuwal da Dogon Daji. Ban taɓa ce wa wani zai mutu rana kaza ba, wannan sanin Allah ne. Amma ban ƙara barin wani ya tafi da amsa mai fuska biyu ba. Na samu lafazin da nake iya furtawa, wanda mutanenmu kuma suke iya ɗauka: “Ciwon nan ya fi ƙarfin abin da ke hannunmu. In akwai wanda ake so ya zo, a kira shi yanzu.” Wasu sun ji haushina. Da yawa sun kira. ’Ya’ya sun dawo daga cin rani, ’yan’uwan da suka yi shekaru ba sa magana sun zauna a tabarma ɗaya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya san albarkacin wa ya ci. In ana neman abin da ya rage na Yero a duniya, ban da ’yar da bai gani ba, to wannan ne. Ba shi da hoto, kabarinsa ya daɗe da bajewa. Allah ya jiƙansa, ya sa zafin da ya sha ya zama kaffara, ya kuma yafe mini abin da Hajo ba ta samu damar yafewa ba, ko ba ta so ba.

Ƙafafuna ba sa kai ni nesa yanzu, amma in ruwa ya sauka garkuna suka fara dawowa, nakan sa a fitar mini da kujera bakin hanya. Duk makiyayin da ya tsaya gaishe ni, nakan tambaye shi ko ya san zuriyar Dikko, yayan Yero, waɗanda ke sauka Fakku a da. Bana wani magidanci mai furfura a gemu ya tsaya, ya saurare ni da ladabi har na gama.

Ya ce, “Baba, wane Yero?”

Na gyara zama zan ba shi labari. Shanunsa sun riga sun yi gaba, ya ce in yi haƙuri, ya bi su.